Jinjina ga Masu Mayar da Littafi Majigi

Haƙiƙa, cikin sana'o'in da Allah ya hore wa bayinsa a wannan zamani, akwai wadda jama'a ke cin moriyarta alhali ba su san ɗawainiyar da ke cikinta ba, wato aikin masu ɗaukar littafi su mayar da shi majigi. Kafin mai kallo ya ga fitowa guda, sai marubucin wasa ya yi ta bitar littafin, yana tsamo abin da ido zai gani daga abin da alƙalami ya siffanta, sa'an nan mai ba da umarni ya yi ijtihadi wajen zaɓen ɗan wasan da muryarsa da kamalarsa suka dace da mutumin da masu karatu suka riga suka sawwara a zukatansu. Haka Adamu Halilu ya yi wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa hidima a 1976, ya naɗa wa Umaru Ladan rawanin Shaihun, har ƙissar ta isa ga waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba.

A Zangon Kwatano, inda yaranmu ke karatun boko da Faransanci, ta wannan hanya da yawansu suke jin Hausa tsantsa, su ga yadda almajiri ke durƙusawa gaban malaminsa. Bayan sallar isha'i kuma, matasa su yi ta muhawara kan wanda ya dace da matsayinsa cikin 'yan wasa. Ba domin haƙurin waɗannan bayin Allah ba, da hikayoyinmu da dama sun tsaya a takarda.