Idan Addu'a Ta Shigo Labarin Soyayya

Tun ina ƙaramar sakandare nake satar littattafan Yayata daga ƙarƙashin katifa. A nan na fara haɗuwa da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Anti Bilkisu Funtuwa, ina karantawa da fitilar ƙwai bayan kowa ya yi barci. Yanzu na girma, aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, amma halin bai sake ni ba. Shekara biyu da suka wuce wata abokiyar aikina Kirista, 'yar Wusasa, ta gan ni ina karatu a waya lokacin da muke jiran wani gwaji ya ƙare, sai ta ce in gwada irin nasu. Ta ba ni Redeeming Love na Francine Rivers. Daga nan na bi sahu har na karanta kusan ashirin. Ni Musulma ce, kuma ban shiga cikinsu don neman addini ba. Labari na je nema, don haka da ma'aunin labari zan auna su a nan. Ina kuma gargaɗin mai karatu cewa zan tona ƙarshen wasu daga ciki.

Littattafan soyayyar Kirista babbar kasuwa ce a Amurka da Kanada. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta rubuta sama da ɗari. Amma salon da ake gani yau yawanci ana danganta shi da Love Comes Softly na Janette Oke, 'yar Kanada, wanda kamfanin Bethany House ya buga a 1979. A 1997 kamfanin Harlequin, uban littattafan soyayyar Turawa, ya buɗe reshen Love Inspired don wannan kasuwa kaɗai. Dokokin salon ba baƙi ba ne ga mai karatun Hausa: ba a shiga ɗakin barci da mai karatu, ba ashar, ƙarshen tafiya aure ne, sannan dole a ga yadda zuciyar jarumi ko jaruma take da Ubangiji. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya bambanta su da sauran, kuma shi ne yake gyara littafi ko ya ɓata shi.

A aikinmu akwai wata muguwar ɗabi'a. Idan manhaja ta ci karo da kuskure, malalacin mai rubutu yakan saka mata layin da zai haɗiye kuskuren shiru, allo ya nuna komai lafiya alhali matsalar tana nan kwance. Na lura marubutan wannan salo kashi biyu ne. Akwai waɗanda imani a wurinsu shi ne wannan layin: labari ya cije, sai jaruma ta durƙusa ta yi addu'a, shafi na gaba ƙofa ta buɗe. Akwai kuma waɗanda imani a wurinsu shi ne abin da ya ɗaure labarin tun farko, shi ne yake hana jarumi abin da ransa ke so, yake sa shi biyan farashi. Duk daɗin da na ji a karatun nan daga kashi na biyu ya fito.

Love Comes Softly misali ne mai sauƙi. Marty yarinya ce 'yar shekara sha tara, ta bi mijinta zuwa yammacin ƙasa zamanin keken doki, sai ya mutu ya bar ta da ciki, ba dangi ba kuɗi, ga hunturu ya ƙarato. A ranar da aka binne shi Clark Davis, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya, ya nemi ta aure shi don ta riƙe masa 'yar, da alkawarin zai biya mata kuɗin komawa gida idan sanyi ya wuce. Ya bar mata ɗakin ya koma kwana a rumfar gefe. Babu wa'azi mai tsawo a littafin. Abin da Marty ke gani kullum shi ne mutumin da ke karanta Littafi Mai Tsarki da safe, ya ci abincinta da ya ƙone bai ce uffan ba, ya kuma riƙe alkawarin da cika shi zai raba shi da matar da ya fara so. Harshen Oke ba shi da ado, wani lokaci har yakan yi lami, amma ta gane cewa mai karatu ya fi yarda da imanin da ya gani a hali fiye da wanda aka faɗa masa.

Redeeming Love ya fi nauyi, ya kuma fi damuna. An fara buga shi a 1991, aka sake fito da shi a 1997 a kamfanin Multnomah, aka yi fim ɗinsa a 2022. Rivers ta ɗauko labarin Hosiya na Tsohon Alkawari, wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Yusha'u, mutumin da aka umarta ya auri mace mai yawon banza, ta mayar da shi Kalifoniya ta 1850, zamanin haƙar zinariya. Angel tun tana shekara takwas aka sayar da ita gidan karuwai. Michael manomi ne da ya ji a ransa Ubangiji ya ce ita ce matarsa. Ya aure ta, ta gudu, ya dawo da ita, ta sake gudu.

Abin da ya riƙe ni shi ne wanda aka ɗora wa haƙuri. A yawancin littattafan da na taso da su, mace ce ake ce wa ta yi haƙuri, miji ya yi ta tsiyarsa har shafin ƙarshe ya zo yana neman gafara. A nan namiji ne yake dafa dutse. Shi ake ci wa amana, shi yake kuka a gona, shi dangi ke yi wa kallon wawa. Kuma Rivers ta yi abin da ya fi haka: ƙaunar Michael ba ita ta warkar da Angel ba. Sai da ta bar shi gudu na ƙarshe, shi kuma ya hana kansa bin ta, ta je San Faransisko ta sami imaninta da ƙafarta, ta buɗe gidan koya wa matan da suka bar karuwanci sana'a. Ta koma wurinsa ne bayan ta zama mai iya zama ba shi.

Sai dai akwai ƙashi a cikin tuwon. An ɗaura auren nan ne lokacin da Angel take kwance jina-jina bayan dukan da aka yi mata, ba ta cikin cikakken hayyacinta. Littafin bai tsaya ya tambayi kansa ko wannan yarda ce ba, saboda ya riga ya gaya mana muryar da Michael yake ji ta Ubangiji ce. A cikin littafi marubuciya tana iya ba mu wannan tabbaci. A waje kuwa, duk namijin da ya zo wa yarinya da cewa an nuna masa ita ce matarsa ko tana so ko ba ta so, ba mu da shafin da za mu buɗe mu tabbatar. Na san 'yan mata da yawa suna karanta wannan littafi, shi ya sa ban ga dalilin rufe baki a kan wannan ba. Haka kuma ƙarshensa. An gaya mana an yi wa Angel aikin da ya hana ta haihuwa har abada, wannan ciwo ne ma ya sa ta barin Michael don ya sami mai haifa masa. Sai ga shafin rufewa ya ba ta 'ya'ya huɗu. Ban ce mu'ujiza ba ta faruwa ba. Amma littafin ya kwashe ɗaruruwan shafuka yana koya mana cewa Michael yana son ta a yadda take, sannan a minti na ƙarshe ya ji tsoron barin ta a haka. Wannan shi ne layin haɗiye kuskure da na ambata.

Ɓangaren da ake gauraya soyayya da binciken laifi ya fi ba ni nishaɗi, kuma Dee Henderson ce gwanarsa a wurina. Jerin O'Malley labarin marayu bakwai ne da suka haɗu a gidan marayu, suka zaɓi suna ɗaya suka mai da kansu 'yan uwa. A The Negotiator na 2001, Kate aikinta lallashin masu garkuwa da mutane ne a Shikago. Dave jami'in FBI ne, sun haɗu a banki inda wani ya ɗaura bam a jikinsa. Yana son ta, amma ba ta yarda da Ubangiji ba, shi kuma imaninsa bai ba shi damar neman aurenta a haka ba. Ga bam, ga jirgin sama da aka tarwatsa, amma katangar da ta fi tsayi tana cikin zuciyar Dave. Kuma rashin imanin Kate ba taurin kai ba ne. Ta ga abin da mahaifinta ya yi mata, tana ganin gawa a wurin aiki, tana tambayar yadda adalci da jinƙai za su zauna wuri guda. Henderson ta bar ta ta yi tambayar da ƙarfi.

Laifin jerin shi ne maimaici. Littafi shida, kowanne ɗaya daga cikin 'yan uwan zai sami masoyi ya kuma sami imani, har mutum ya iya ƙiyasta shafin da hakan zai faru. Abin da ya fanshe shi ita ce Jennifer, autarsu likitar yara, wadda ta fara ba da gaskiya kuma take fama da ciwon daji. An yi mata addu'a littafi bayan littafi, ta rasu. A nan na yarda da marubuciyar, domin ta bar addu'a ta zama addu'a, wadda amsarta ba ta hannun mai roƙo.

Sake saƙa tatsuniya kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abubakar Imam ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus da Dare Dubu Da Ɗaya ya sa musu rawani da babbar riga a Magana Jari Ce. Melanie Dickerson irin wannan aiki take yi, sai dai ita tana cire sihirin ta sa imani a gurbinsa. The Healer's Apprentice na 2010 ya ɗauko tatsuniyar gimbiyar da ta yi dogon barci ya kai ta Jamus ta ƙarni na 14. Ɗan sarki yana son Rose, 'yar mai saran itace, amma an yi masa baiko da wata da aka ɓoye, ya zaɓi cika alkawari. Sai aka gano Rose ɗin ce wadda aka ɓoye. Na ji daɗi, amma na san an yi mini wayo, don sadaukarwar da ya yi ba ta ci masa komai ba.

The Merchant's Daughter na 2011 ya fi shi nesa ba kusa ba. Tatsuniyar kyakkyawa da dodo ce a Ingila ta 1352. Annabel ta shiga bauta gidan Ranulf, mai ido ɗaya da tabo a fuska, don biyan bashin gidansu. Burinta ta shiga gidan zuhudu, saboda a can kaɗai take ganin mace za ta sami Littafi Mai Tsarki ta karanta da idonta. Sai ga shi Ranulf yana da kwafi, yana sa ta karanta masa da dare. A tatsuniyar asali dodo yakan rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi. A nan babu rikiɗa, tabon yana nan har ƙarshe, idon bai dawo ba. Cire sihirin ya tilasta wa marubuciyar ta sa canjin ya faru a idon mai kallo, kuma labarin ya ƙaru da hakan.

Da na koma kan littattafanmu na Hausa da ake sakawa a Wattpad da WhatsApp, sai na riƙa ganin abin da da ba na gani. Mu ma addini yana ko'ina a labaranmu, amma sau da yawa aikinsa ɗaya: ya zo a babi na ƙarshe ya karya asirin kishiya, ko istihara ta nuna wa jaruma attajirin da dama shi take so. Cikas kullum daga waje yake, daga boka ko uwar miji ko talauci. Da wuya ka ga jarumin da tsoron Allah ya hana shi abin da yake so kuma yake da ikon ɗauka, aka bar shi da rashin har ƙarshe. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna tun a Alhaki Kuykuyo Ne cewa ana iya rubuta mace mai imani da ta tsaya da ƙafarta ba tare da an jefo mata mafita daga sama ba, don haka hanyar a buɗe take.

Wanda yake son gwadawa, shawarata ya fara da The Merchant's Daughter, Turancinsa mai sauƙi ne kuma ana iya ba matashi. Mai son bugun zuciya ya nemi The Negotiator. Redeeming Love kuwa na manya ne, akwai cin zarafin yara a cikinsa, kuma ya fi kyau a karanta shi da wanda za a yi gardama da shi bayan an gama. Ni da abokiyar aikina har yau ba mu daidaita a kan 'ya'ya huɗun nan ba. Ita ta ce alheri ne da ba a cancanta ba, wanda shi ne jigon littafin gaba ɗaya. Ni na ce marubuciya ce ta kasa jure ganin jarumarta da tabo. Ta ba ni wani littafin ta ce in karanta mu ci gaba.