«Damana uwar albarka»: gaskiya ce, amma da saura

Ɗan'uwa mai karatu, ka sha jin ana cewa damana uwar albarka. Zo mu auna wannan karin magana.

Da gaskiyarta. In babu ruwan malka, babu hatsi cikin rumbu, babu ciyawa, babu nono. Wanda ya ga hwarin 1973 da na 1984 ba ya gardama.

Amma ta ɓoye wani abu: ta sa muna ɗaukar kowane hadari baƙon alheri. Zahin hamada shi ke jawo iska mai laima daga teku. Cikin watan Agusta iskar tana kaiwa har Abzin. Rana ta yi ƙuna, hadari ya haɗu daga gabas, ƙura ta taso, sai tsawa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dutse ba ya shan ruwa, duk sai ya gangara korama.

Haka aka yi a Agadas hwarkon Satumba 2009: koramar Telwa ta cika ta shiga gari, gidajen laka da yawa suka rushe. Cikin Satumba 2024 kuma, ruwa ya kada tsohon masallacin Birni a Damagaram.

Ka ga ke nan, rabin zance karin maganar ta hwaɗi. Uwa ce, amma tana hushi. Kar ka gina gida bisa hanyar ruwa. Yi yaɓe tun bazara. In ana tsawa, kar ka laɓe gindin icce.