Fuskar da Ba a Zana Ba: Sharhi Kan Wani Zanen Friedrich

Sau da yawa sabon marubuci kan ɗauka cewa mai karatu ba zai san tauraron labari na cikin damuwa ba sai an zubar masa da hawaye a kowane shafi. Akwai zanen da ya ƙaryata wannan zato, wato Matafiyi Bisa Tekun Hazo, wanda Bajamushe Caspar David Friedrich (1774-1840) ya yi wajen 1818. Yana ajiye a gidan zane-zane na Kunsthalle da ke Hamburg.

Mutum ne tsaye a kan baƙin dutse, sanye da doguwar kwat mai duhun kore, da sanda a hannun dama, iska ta yamutsa masa gashi. Ya ba mu baya. A gabansa hazo ya lulluɓe kwari, sai kawunan duwatsu ke leƙowa nan da can kamar tsibirai, can nesa kuma tsaunuka sun dushe sun haɗe da sama.

Wasu na ganin nasara aka zana, wai mutum ya hau ƙololuwa, duniya na ƙarƙashin ƙafarsa. Ni dai ban gamsu ba. Mai hawan dutse don ya hango ƙasa yake hawa, wannan kuwa ya sha wahalar hawa, hazo ya rufe masa kusan kome. Hanya ta ƙare a inda yake, taku ɗaya gaba rami ne. A lura kuma da gangaren tsaunuka biyu, na hagu da na dama, yadda suka zo suka haɗu daidai saitin zuciyarsa. Abin da na gani kaɗaici ne da fargaba, gauraye da daɗin ganin abin da ya fi ƙarfin mutum. Irin wannan ji shi masu fasahar zamanin da Turawa ke kira Romantik suka fifita a kan tsagwaron hankali.

Ba kuma sa'a ba ce. Duwatsun na yankin kogin Elbe ne, kusa da Dresden inda Friedrich ya zauna. Daban-daban ya zayyana su a yawonsa, sannan ya harhaɗa su a ɗakin aikinsa, ke nan kowane dutse zaɓo shi aka yi don aikin da zai yi a zuciyar mai kallo.

Sai dai zanen bai rasa rauni ba. Matafiyin ya cika girma, ya kafe a tsakiya tsaf-tsaf kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, kuma nan ne masu cewa nasara ce suka sami hujja.

Duk da haka ɓoye fuskar nan ya biya. Da an zana ta tana murmushi ko kuka, da an gama mana magana. Da aka ɓoye ta, dole mai kallo ya ara wa matafiyin tasa zuciyar. To, 'yan'uwa marubuta, kafin mu rubuta cewa wance ta yi baƙin ciki, mu fara duba inda muka tsayar da ita, da abin da muka sa a gabanta.