Masu Ɗora Allon Android, Ina Kuke Kai Eriya Ta Biyu?

Yanzu da wuya mutum ya sayi mota 'yar Kwatano ta yi wata guda a hannunsa bai kai ta wurin masu wayarin an ciro rediyon da ta zo da shi ba. A ciro shi, a ɗora ƙaton allo na Android mai taswira da Bluetooth da kyamarar baya. Ba ni da faɗa da allon, don kyamarar baya kaɗai ta isa ta fanshe kuɗinsa a unguwar da yara ke wasa a bayan mota. Faɗana da yadda ake ɗora shi ne. Mota ta fito daga gareji gabanta sai sheƙi, amma tashar da a da ake ji tangaram daga Kano har Kwanar Dangora ta koma shuuu tun kafin a wuce Kura. Sai mai mota ya ce ai gidan rediyon ne ya rage ƙarfi, alhali ɓarnar tana bayan allonsa.

Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108 ne, tsawon zangonsu kuwa kusan mita 3. Sigina ba ta hanya ɗaya yake isowa mota ba. Wani ya zo kai tsaye daga turken tasha, wani ya daki bene ko gadar sama ko jikin tirela ya dawo a makare. In suka haɗu a kan eriya takunsu ya saɓa, sai su kashe juna. Wurin da hakan ke faruwa ɗan ƙarami ne, shi ya sa in ka tsaya a danja labarai suka shaƙe, kana ɗan sakin birki ka gangara taku biyu sai murya ta washe. In kana gudu kuma, waɗannan ramukan ne kake ji fat-fat-fat.

Maganin da kamfanonin mota suka yi wa wannan shi ne eriya biyu a wurare dabam. Ɗaya na iya zama sanda a kan rufi, ɗayar kuma siraran layuka a jikin gilashin baya, kusa da layukan da ke busar da raɓa. Wasu motocin ma duka biyun a gilashi suke. Da wuya su faɗa rami a lokaci guda. Tsohon tsari shi ne na'ura ta riƙa auna su tana tsallakawa zuwa wadda ta fi tsabta, da saurin da kunne ba ya kamawa. Na bayansa ya fi wayo: rediyon na da makami biyu na kamo tasha a cikinsa, kowace eriya da nata, sai ya daidaita takun siginonin biyu ya haɗe su su ƙarfafi juna. Duk wanda ya taɓa juya bayan rediyon Volkswagen RCD 510 na Golf ko Passat ya ga fararen soket biyu manne da juna, irin waɗanda ake kira FAKRA. A Toyota da yawa kuma fulogi biyu za ka tarar, mai kauri da siriri. Ba ado ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan yi wa mutane illa. Eriyar gilashi ba ta da ƙarfi ita kaɗai, don haka ake ɓoye mata ɗan amfilifaya kusa da gilashin, a ƙarƙashin rufin ciki ko cikin ginshiƙin baya, kuma sai da wuta yake aiki. A motocin Jamus da dama, rediyon ne ke tura masa wutar ta cikin wayar eriyar kanta. A na Japan da yawa, wata 'yar waya ce dabam. Yawancin allunan da ke kasuwa rami ɗaya gare su na eriya, makami ɗaya, kuma ba sa tura wuta ta cikin wayar eriya. Sai yaron gareji ya cusa waya ɗaya, ya naɗe ɗayar da salatif ya tura ta ciki. Ka ce masa, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Bar ta Alhaji, ba ta da aiki." Shuɗiyar wayar da ya kamata ta kai wa amfilifaya wuta tana can tana lilo. An raba motar da eriya ɗaya, wadda ta rage kuma an bar ta da yunwa.

Wanda ya ɗan waye sai ya kawo mahaɗi ya game wayoyin biyu a rami guda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: siginonin da ba a daidaita takunsu ba za su iya kashe juna a cikin wayar, yadda suke yi a sarari. Haka mai manna baƙin gilashi da ke kankare tsohon da reza, yana yanke layukan eriya bai sani ba.

Za a ce wa ke jin rediyo yanzu? A tambayi direban da ke bin hanyar da sabis ke ɗaukewa, ko ma'aikacin da ke jin shirin siyasa a cunkoson yamma, ko mai bin tafsiri da azumi. FM ba ya cin data. Gaskiya ne allo mai makami ɗaya ba zai taɓa mayar da aikin eriya biyu ba, amma adafta mai kai wuta, ko jona shuɗiyar wayar nan a inda ya dace, yana dawo da mafi yawan abin da aka rasa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na allon. Mai sana'ar da bai san wannan ba rabin aiki yake karɓar wa cikakken kuɗi.

Kafin ka biya, ka sa a kamo tashar da ta fi nisa, ku zaga gari tare da mai aikin, injin na kunne. Tsohon rediyonka kuma kada ka bar shi a gareji. Karɓi abinka ka ajiye.