Danna Yatsa da Darasin Ƙabli da Ba'adi

'Yan'uwa, a nan Libreville mun koma auna karatun da ake turawa a WhatsApp da yawan masu danna alamar yatsa. Awon tsoho ne: tun ƙarshen shekarun 1930 Paul Lazarsfeld da Frank Stanton suka ƙera wa masu sauraron rediyo a Amurka maɓalli kore da ja. To, maɓalli daɗin sauraro kawai yake nunawa. Darasin ƙabli da ba'adi ba ya samun yatsa kamar ƙissa mai sa kuka, alhali shi ke gyara sallah. In muka bi ƙidayar nan, malamai za su ajiye Ahalari. Mu tambayi ɗalibi: ka manta zaman tahiyar farko, yaya za ka yi? Amsarsa ce ma'auninmu. Allah Ya datar da mu.