Kundin Ɗalibin Zanen Ɗab'i: Tsokaci a kan Hoto da Harafi

Gabatarwa

Al'ada ce ga ɗalibin zanen ɗab'i ya tattara ayyukansa cikin kundi ɗaya idan karatunsa ya zo ƙarshe: fosta, da kalanda, da bangon littafi, da tambarin kamfani, da katin gayyata. A nan ne kuma yakan sa abin da ya yi lokacin horon sanin makamar aiki, wato shirin SIWES wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Manufar wannan maƙala ita ce auna irin wannan kundi da ma'aunin harshe, ba da ma'aunin launi kaɗai ba. A ɗauki misalin ɗalibi ɗan Gesse a Birnin Kebbi, wanda ya koyi zane a jami'a, ya yi horonsa a ɗaya daga cikin ƙananan maɗaba'un garin. Ra'ayin maƙalar shi ne, irin wannan kundi yakan yi fice wajen hoto, amma ya gaza wajen harafi, alhali harafin ne jigon sana'ar.

Hoto

Da wuya ɗalibin ƙasar Kabi ya rufe kundinsa ba tare da fostar bikin kamun kifi na Argungu ba, kuma yana da hujja. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Masunci da homa da gora a Matan Fada, yana rungume da giwan ruwa, hoto ne mai ɗaukar ido, kuma ɗalibai sukan fitar da shi da kyau.

Sai dai hoton ya zama tamkar ɗan amshi. Kowa shi yake maimaitawa, har baƙo ya ɗauka babu komai a kwarin Rima sai kifi. Ina ganuwar Surame ta zamanin Kanta? Ina fadamun shinkafa, da tseren kwalekwale, da kayan tarihin da ke ajiye a gidan tarihi na Kanta a Argungu? Haka nan dagin Arewa: akan manna shi a kusurwar takarda don a ce aikin na gida ne. Manna alama daban, fahimtar tsarin gargajiya daban. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke, abin da suka nema shi ne a narkar da fasahar gida cikin dabarun zamani, ba a yafa ta a sama kamar ado ba.

Harafi

A nan ne babbar matsalar take. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, kuma masu jera haruffan dalma na wancan zamani sun riƙe wannan ƙa'ida duk da wahalar aikinsu. Abin mamaki, yau da kwamfuta ta sauƙaƙa komai, sai ƙugiyar ta fara ɓacewa daga fosta da allunan talla.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Fostar da ta yi niyyar maraba da baƙi, ta rubuta baki, ta yi maraba da abin da ba a gayyata ba. Ƙasa ba kasa ba ce, ƙura ba kura ba ce, ɗaure ba daure ba ne. Mai karatu yakan gane nufi daga zubin jumla, amma aikin mai zane shi ne ya ɗauke masa wannan wahala, ba ya ɗora masa ita ba.

Dalilin gazawar yana cikin horon kansa. A ƙaramar maɗaba'a, inda ake aiki da CorelDRAW, mai kaya yana tsaye yana jira, kuma salon harafin da ya burge shi sau da yawa ba shi da ƙugiya. Sai a yar da ita, ko a aro ta daga wani salo, ta fito a karkace kamar haƙorin makka a bakin yaro. Ɗalibi ya ga maigidansa yana yin haka, ya ɗauka ita ce sana'a. Amma uzurin ya daɗe da faɗuwa, domin tsarin Unicode ya ƙunshi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990, kuma akwai salon haruffa na kyauta, irin su Charis da Andika da Noto, masu ɗauke da su.

Tsarin Shafi

Akwai kuma gadon da ɗalibin Birnin Kebbi yake zaune a kansa bai duba ba. Masarautar Gwandu gidan malanta ce tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu ya san amfanin faɗin gefen shafi, ya san baƙar tawada ta harafi ce, ja ta wasali, zayyana kuwa ba ta zuwa sai inda za ta nuna hizbi ko rubu'i. Wato kowane launi da aikinsa. Wannan darasi ne ga mai cusa launi bakwai da salon harafi biyar a katin ɗaurin aure guda.

Kammalawa

Kundin ɗalibi ba adon bango ba ne, shaida ce ta abin da zai yi wa jama'a gobe. Littafin firamare da takardar faɗakarwa kan lafiya duk ta hannunsa za su bi. Don haka ya kamata malaman zane da na harshe su haɗa kai wajen duba kundin, kuma a wajabta aiki ɗaya aƙalla da Hausa tsantsa, a auna shi harafi bayan harafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba yar da ƙugiya a horon 'yan watanni, da wuya ya tsince ta a shekara talatin na aiki.