Makami da sunan abokin gaba: sharhi kan « Guide de survie en territoire zombie » daga ƙasar Ƙonni

1. Gabatarwa

Littafin da za mu duba a nan, Ba'amurke Max Brooks ne ya wallafa shi cikin 2003 da sunan The Zombie Survival Guide, aka fassara shi zuwa Faransanci cikin 2009 a maɗaba'ar Calmann-Lévy. Littafin raha ne da aka sanya wa rigar littafin koyarwa. Marubucin ya ƙaddara cewa wata ƙwayar cuta mai suna Solanum (sunan da masana tsirrai suka bai wa dangin gauta da tumatir) tana kashe mutum, sannan ta tada gawarsa ta shiga farautar masu rai, kuma ba abin da ke tsai da ita sai fasa ƙwaƙwalwa. Daga nan ya shiga bai wa mai karatu shawara kan makamin da ya kamata ya tanada.

Sashen makaman hannu shi ne abin nazarinmu. Za mu auna shi da ma'aunin Hausa, musamman Hausar gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela cikin jahar Tawa. Abin da muke son nunawa shi ne, zaɓen makami a wannan littafi ya dogara kacokan a kan kalma guda, wato sunan da aka raɗa wa wanda za a sara, kuma Hausa ba ta da wannan kalma.

2. Inda littafin ya yi daidai

Brooks ya hana mai karatu ruɗuwa da makamin ado. Ya kushe zarto mai inji saboda nauyi da ƙara da shan mai. Ya yaba wa ƙarfen ɓanɓare ƙusa, wanda Faransawa ke kira « pied-de-biche », da kuma adda, domin kowanensu yana aiki biyu: kayan sana'a ne kullum, makami ne ranar tsiya. Ya kuma nace a kan wasa kaifi, da tsare ƙarfe daga tsatsa, da sabawa da makami tun kafin buƙata ta taso. Manomin albasa na Galmi ko mai saran itace na Badagishiri ba zai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tun da Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Harshen ma ya goyi bayansa. Kalmar makami sunan kayan aiki ce da aka gina a kan aikatau kama, da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, tamkar mabuɗi daga buɗe ko magirbi daga girba. Makami ke nan shi ne abin da hannu ya kama. Faransanci ya raba « arme blanche » da « arme à feu » bisa ga ƙarfe da wuta. Hausa ta fara daga hannu, shi ya sa lauje da gatari da ƙotar hauya duk suna iya shiga wannan aji idan rana ta ɓaci.

3. Abin da ya kuɓuce masa: aikatau da mai riƙo

Brooks ya jera makamai kamar hajar kanti: tsawo, nauyi, kaifi, sai mai saye ya zaɓa. Hausa tana rarraba su ta wata hanya, wato ta aikatau da ke tafiya da kowane. Ana sara da adda, gatari, barandami da takobi. Ana suka da mashi da wuƙa. Ana yanka da wuƙa, ana aski da aska. Ana duka da sanda, gora da kulki. Ana harbi da baka da bindiga. Waɗannan aikatau sun wuce fagen yaƙi: maciji sara yake yi, kunama da jaki harbi suke yi. Ko sunan « sara-suka » da aka laƙaba wa gungun matasa masu ta'asa a Bauchi, aikatau biyu ne aka harhaɗa, ba a ambaci ƙarfe ko ɗaya ba. Ƙamus ɗin da ya ce wuƙa ita ce « couteau » ya tsaya nan, rabin aiki ya yi, domin bai gaya wa ɗalibi cewa yanka da suka ayyuka ne biyu masu hukunci dabam ba.

Na biyu, a ƙasar Hausa makami yana da mai shi. Wuƙa, wadda mutanen yamma ke kira yuƙa, ta mahauci ce. Aska ta wanzami. Baka da kwari da kibiya mai dafin kwankwani na mahalbi, kamar yadda ake kiran maharbi a Adar da Ƙonni. Takobi da mashi da sulke da lifidi na barade ne da fadawa. Dukansu kuwa daga hannun maƙeri suke fitowa, kuma aikin Nicole Echard a Adar, har da fim ɗinta « Noces de feu » kan narka tama, ya nuna cewa ƙira gado ce mai dokoki da tsarin dangi. Mutumin Brooks shi kaɗai ne da jakarsa, ba shi da sarkin maƙera, ba shi da unguwa.

Sunayen kansu suna ɗauke da tarihin cuɗanya. Takobi ɗan'uwan takoba ne na Abzinawa. Bindiga, harsashi da albarushi daga Larabci suka zo. Adda kuwa ana danganta ta da àdá ta Yarbanci. Brooks ya ɗora katana ta Japan a kan sauran takubba, bai san da takoba mai kaifi biyu ko wuƙar damtse ta Sahara ba. Afirka ta fito a littafinsa, amma a matsayin fili kawai: cikin ƙagaggun labaran da ya rufe littafin da su akwai na Katanda a zamanin dutse, akwai na wani sansanin sojan Faransa a arewacin Afirka cikin 1893, kuma a duka biyun ba a ji muryar ɗan ƙasa ba.

Tarihin yankinmu ma bai yarda cewa nagartar makamin mutum guda ce ke raba gardama ba. A Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, cikin Yuni 1804, dakarun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, galibinsu ƴan baka a ƙasa, suka karya dawakin Yunfa Sarkin Gobir duk da lifidinsu. Tsayuwar sahu ce ta yi aiki a ranar.

4. Kalmar da babu: zombi

Kalmar zombi daga Haiti ta shiga harsunan Turai, kuma yawancin masana suna kai tushenta ga harsunan yankin Kongo. A can ma'anarta mutum ne da matsafi ya raba da hayyacinsa ya sa shi bauta a gona. Abin tausayi ne, tunin zamanin bayi ne. Fim ɗin George Romero na 1968 shi ya kawo siffar gawa mai cin naman mutane, kuma ita Brooks ya gada.

Bari mu gwada fassara ta. Fatalwa ba ta da jikin da za a sara. Aljani da dodo ba mutane ba ne tun asali. Maye yana kama kurwa, wanda ya yi kusa da ma'anar Haiti, sai dai maye rayayye ne, maƙwabci ne mai suna da dangi. Idan muka ce matattu sun tashi, kunnen Bahaushe musulmi tashin ƙiyama zai ji, ranar da ba makamin da ke da amfani. Saura kalmomi biyu, gawa da mushe, kuma a tsakaninsu matsalar take. Gawa ta ɗan Adam ce: ana yi mata wanka, a sa mata likkafani, a sallace ta, a rufe ta, mai ita kuma ya zama mamaci ko marigayi. Mushe na dabba ne da ta mutu ba yanka, ana jan sa bayan gari a bar wa ungulu. Duk shawarwarin Brooks suna buƙatar mai karatu ya dubi gawar uwarsa ko ta maƙwabcinsa ya kira ta mushe. Da zarar ya yarda da wannan, sauran magana ta zama ta awo: wane ƙarfe ya fi saurin fasa ƙoƙon kai. Littafin bai taɓa tsayawa ya tuhumi wannan mataki ba, alhali shi ne ginshiƙinsa.

5. Dalilin da ya sa abin ya shafe mu

Mai karatu na iya cewa wasa ne, a bar shi a wasa. Amsarmu ita ce, ƙasar nan ta san abin da ke biyo bayan irin wannan sauyin suna. Cikin Mayu 1899 rundunar kyaftin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya a Lugu. Masu baka da mashi suka fuskanci bindigogi, aka ƙone birnin, aka karkashe mutanensa, aka kwashe mata. Jami'an da suka ba da umurni ba su ɗauki mutanen garin a matsayin masu suna da haƙƙi ba. Fim ɗin Rob Lemkin na 2020 da ya bi sawun rundunar har Ƙonni, sunansa African Apocalypse: a nan tashin duniyar ya riga ya faru, kuma masu rai ne suka kawo shi.

A Ruwanda cikin 1994, adda ce ta yi mafi yawan ɓarna, amma kafin a ɗaga ta sai da rediyon RTLM ya daɗe yana kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai. A Toda ta jahar Maraɗi, cikin Oktoba 1991, an kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya, kuma maƙwabta ne suka yi. Tun daga shekarun 2010, matsalar ƴan bindiga a Zamfara da Sakkwato da bakin iyakarmu ta sa ƙauyuka da dama tunanin kare kai da abin da hannu ya kama. A irin wannan hali, ranar da « ɓarawon daji » ya tashi daga sunan mai laifi ya koma sunan kabila, an riga an gama zaɓen makami.

6. Kammalawa

Littafin Brooks yana da daɗin karatu, kuma shawararsa kan fifita kayan aikin da hannu ya saba da su tana da ma'ana. Rauninsa shi ne ya ɗauki abokin gaba maras suna da harshe a matsayin abin da ba ya buƙatar hujja. Muna ba da shawara biyu. Ta farko ga masu fassara littattafai da finafinai zuwa Hausa: a bar kalmar zombi a matsayin aro, baƙuwa, yadda kowa zai gane ƙage ce, kada a fassara ta da gawa ko mushe, balle maye, domin zargin maita yana jawo wa rayayyun mutane duka da kora. Ta biyu ga ɗalibanmu masu neman batun bincike: Bernard Caron ya bayyana nahawun Hausar Adar cikin 1991, Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar cikin 1975, kuma a kan wannan harsashi ana iya tattara kalmomin ƙira da makamai daga bakin maƙera da mahalban Ƙonni, Dogarawa da Illela. Kowace kalma a rubuta ta da aikatau ɗinta, da mai riƙonta, da karin maganar da ta shiga, har da wadda ake faɗa wa mai fushi idan ana son sulhu, cewa ya mai da wuƙa kube.